Filin Aikin Hannu: Zane a Gidan da Uwa Ba Ta Zama

Wasiƙun wannan watan kusan duk daga iyaye suka fito, kuma kukan ɗaya ne: sha'awa akwai, sarari babu. Ga waɗanda shafi ya ɗauka.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce, 'ya'yana uku, ƙaramin bai cika shekara biyu ba. Tun ina sakandare nake son zane, ni ake kira in zana wa aji taswira a allo. Da na yi aure abin ya kwanta. Kwanan nan nake ganin wani irin zane a waya, wanda ake haɗa fenti da takarda da ƙyalle da zare a allo ɗaya, sai raina ya biya. Na sayi fenti da burushi tun kafin azumi, har yau suna cikin ledarsu a saman sif. Daga makaranta sai girki, daga girki sai kai yara Islamiyya, in dare ya yi ko babu wuta ko na gaji. Ɗaki biyu gare mu, ba ni da inda zan baje kaya. In haƙura ne sai yara sun girma?
Daga wata uwa, Gyallesu.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki haƙura. Masu cewa sai yara sun girma na san su da yawa, wasu ajinmu ɗaya. Yaran sun girma, an aurar, yanzu jikoki ake kawo musu raino. Ki sauko da ledar nan yau ɗin nan.

Kin ma yi dace da abin da ranki ya biya, domin a duk nau'o'in zane babu mai jure katsewa kamar wannan na haɗe-haɗe. Mai fentin ruwa dole ta tsaya a kan takardarta muddin da danshi. In yaro ya yi kuka ta tashi, kafin ta dawo ruwan ya bushe ya bar mata shati a tsakiyar aiki. Fentin mai kuwa sai ya yi kwanaki bai bushe ba, ga warin kananzir ɗin wanke burushi, ba abin ajiyewa a ɗaki biyu da ɗan yaye ba ne. Wannan naki hawa-hawa ake yinsa, kuma kowane hawa sai ya bushe ƙamas kafin a ɗora na gaba. Aikin hannun minti goma ne ko sha biyar, sauran duk jira ne. Wanda yake da ɗakin zane nasa na kansa jiran nan ne ke cinsa, har ki ga ya jona na'urar busar da gashi yana hura wa allo. Ke kuwa jiran a bakin murhu zai same ki, ko a aji. Kamar ƙullun waina ne, kin kwaɓa kin rufe, yana nasa aikin kina naki.

Shiri da kwashewa su ne ke cinye lokacin uwa. In sai kin share tabarma, kin nemo almakashi a ɗakin maigida, kin ɗebo ruwa, kin buɗe leda biyar, to minti sha biyar ɗin ya ƙare ba ki taɓa allo ba. Ki nemi babban tire guda, irin na kai abinci. Komai ya zauna a kansa: allon da kike aiki, burushi mai faɗi da siriri, fenti ja da rawaya da shuɗi da fari da baƙi, farin gam na kafinta a cikin robar man shafawa da ta ƙare, kwalbar ruwa mai murfi, tsumma, da tsohon katin banki. Abin da bai samu wuri a tiren ba, ba kya bukatarsa yanzu. Ki yafa masa tsohon ɗankwali saboda ƙurar Zariya, ki mayar saman sif ɗin nan inda hannun yaro ba ya kaiwa. Nawa na silba ne, cikin kayan aurena ya zo, ya fi daɗewa da fenti a gefensa fiye da yadda ya daɗe yana ɗaukar tuwo, maigidan ma ya daina tambayar ina ya shiga.

Ki fara da ƙaramin allo, kamar faɗin littafin rubutun ɗalibanki. Babba yana da kwarjini, kuma ba ya shiga tire.

Zaman farko share fage ne kawai. Kafintoci suna zubar da guntayen katakon silin da filawud, ki aika a roƙo miki biyu ko uku, a goge gefen da samfefa. In babu, kwalin taliya ma ya isa: ki yanka biyu daidai da juna, ki manne su a gicciye yadda ramukan cikin ɗaya za su tafi tsaye, na ɗayan a kwance, sai ya yi ƙarfi. Ki kwaɓa cokali uku na farin fentin bango, cokali ɗaya na gam, cokali ɗaya na garin alli (ke da guntayen alli ai ba a roƙa miki), ki shafe allon gaba da baya. Bayan nan kowa ke mantawa da shi. Gefen da aka jiƙa takurewa yake yi in ya bushe, sai ya janyo allon ya kantare. In an shafa duka biyun sai su ja daidai, ya zauna a miƙe. Shi ke nan na ranar, ki tafi ki ɗora tukunya.

Zama na biyu manna takarda. Tsohon ambulan, rasit, takardar ƙunshin sabulu, tsohuwar taswirar aji, 'yar takardar nan mai ƙyalli ta dunƙulen magi da kike zubarwa kullum. Ki yaga da hannu, kar ki sa almakashi. Bakin da aka yaga yana da taushi, ya fi kwanciya, kuma yana shan launi ya yi duhu fiye da tsakiyar takardar, wani ado ne da ba ki wahala ba kika samu. Gam kashi biyu, ruwa kashi ɗaya. Ki shafa a allon, ki shafa a bayan takardar, ki ɗora, sannan ki bi da katin bankin daga tsakiya zuwa gefe ki kori iska. Ki shimfiɗa leda a kai, ki danne da dutsen guga ko littattafai masu nauyi. Za ki ga gam ɗin fari fat, kar ya tayar miki da hankali, in ya bushe garau yake komawa.

Na uku launi. Ki tsinka fentin da ruwa sosai yadda rubutu da yagar da ke ƙasa za su riƙa leƙowa. In kika lafta shi da kauri kin binne aikin jiya. Inda kike son fari ya tsira, ki goga guntun kyandir kafin ki shafa, ruwa ba ya zama a kansa. Sai dai ki riƙe wannan, don ita ce ƙa'idar da ba ta da sassauci a aikin nan: duk abu mai maiƙo, kyandir ne, kirayon ne, fentin mai ne, ba ya karɓar gam ko fentin da ake tsinkawa da ruwa a samansa. Ko dai ya zo a ƙarshe, ko a wurin da ba za ki ƙara manna komai ba.

Ƙyalle kuwa telan unguwarku zai gode miki in kin rage masa shara, musamman ana jajiberin sallah. Atamfa, shadda, leshi, guntun saƙi in kin yi sa'a. Ki wanke su sitacin ya fita, ki goge. A nan ba a tsinka gam, amma a shafa shi siriri a jikin allon kawai, domin in ya yi yawa hudowa yake ta cikin zaren, shadda kuma ba ta yafe tabo. Ɗinki shi ne na ƙarshe, da zaren hula. A kwali basilla ta isa ki huda ramukan tukuna, sannan ki bi da allura. A katako sai dai ki yi ɗinkin a jikin ƙyallen kafin ki manna, wannan kuma ya fi miki, don guntun ƙyalle da allura suna shiga jaka, su bi ki ɗakin malamai ko layin asibiti ranar rigakafi.

Batun wuta, ki raba aikin gida biyu. Launi na rana ne. Hasken fitilar caji yana ja zuwa shuɗi, abin da kika haɗa a ƙarƙashinsa kina ganin ya yi daidai, gari na wayewa sai ki ga wani abu dabam. Yaga takarda, huda ramuka, shafa farin share fage, danne aiki, duk waɗannan ko da tocilan waya ana yinsu. Launi ki bar wa hantsin Asabar, lokacin da manyan suka tafi Islamiyya, ƙaramin ya yi barcin safe.

Da hunturu fentin akirilik, wato na kanti da ake tsinkawa da ruwa ya bushe kamar roba, kan ki ce kwabo ya bushe, a burushi da a inda kika matsa shi. Ki samu roba mai murfi, ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ciki, ki ɗora takardar nan da masu kek suke shimfiɗawa a gwangwani, ki matsa fentin a kanta. Danshin yana ratsowa a hankali, in kin rufe sai ya kai gobe. Kuma in kuka ya tashi, burushi a cikin ruwa tukuna, sannan yaro. Daƙiƙa biyu ce, babu abin da zai same shi, burushin kuwa in akirilik ya bushe a jikinsa ya tafi ke nan.

Kafin ki mayar da tiren sama, ki rubuta da fensir a wata 'yar takarda abin da za ki yi gaba: ja a kusurwar hagu, ko a rufe rasit ɗin nan ya cika surutu. In ba haka ba zama na gaba a kallo zai ƙare. Allonki na farko ba lallai ya yi kyau ba. Kar ki tura wa kowa hotonsa. Ki shafe shi da fari ki sake a kansa, tudu da kwarin da tsohon aikin ya bari a ƙasa sun fi sabon allo daɗin aiki.

TAMBAYA: Malama, barka da aiki. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, uwargida kuma ma'aikaciyar jinya. In tana aikin dare ni ke kwana da yara, bayan sun yi barci nakan ɗan taɓa zane. Matsalata tsadar fenti, ga kuɗin makaranta. Na ji an ce ana yin launi da zoɓo da lalle. Gaskiya ne? Kuma yana daɗewa?
Daga wani uba, Samaru.

AMSA: Malam, sannu da ƙoƙari, Allah Ya raya zuri'a. Gaskiya ne ana yi. Daɗewa kuwa, wasu suna yi wasu ba sa yi, kuma masu burgewar su ne ba sa yi.

Kowane fenti abu biyu ne, garin launi da abin da ke riƙe shi a jikin takarda. Mariƙin yana nan a kasuwar birni da ta Sabon Gari wajen masu kayan koli: ƙaro. Da shi almajiri yake haɗa tawadarsa, shi da baƙin gawayi, kuma fentin ruwan nan na Turai mai tsada da ke zuwa cikin 'yan akwatuna da ƙaron nan ake riƙe shi, akasarinsa daga Sudan da Chadi da Nijeriya ake kai musu. Ka daka, ka jiƙa kashi ɗaya a ruwan ɗumi kashi biyu ya kwana, ka tace da tsumma. Ka ɗiga masa gilisarin kaɗan, irin wanda uwargida ke shafa wa yara da hunturu, don kada ya tsattsage in ya bushe, ka jefa kanumfari biyu saboda tsami. Littattafan Turawa zuma suke cewa a sa. Wanda ya san kiyashin garin nan ba zai sa zuma a zane ba.

Zoɓo zai ba ka sha'awa, kai da ka saba da gwaji. Ka dafa shi da kauri ka raba uku. Ɗaya ka bar shi, ɗaya ka matsa lemon tsami ya ƙara ja, ɗaya ka sa ruwan kanwa ka ga ya juye zuwa shuɗi-shuɗi mai ratsin kore. Ko wanda ka bari ma, ja yake sauka a takarda amma yakan bushe da launin makuba mai shuɗi, saboda sinadarin alli da ke cikin yawancin farar takarda. Gangamau rawaya ne mai ɗaukar ido, kanwa na taɓa shi ya koma ja-ja. Amma dukansu biyu haske yana cinye su. Ka rataye a falo, kafin shekara ta zagayo sun koɗe. Wurinsu littafin da ake rufewa, ko zanen wasa da yara. Lalle da ruwan shayi mai kauri sun ɗan fi su ƙarko, kuma suna da kyau wajen rina takarda ta yi kamar tsohuwa.

Masu ƙarkon su ne waɗanda ba a kulawa da su. Ƙasa ce ta farko. Jar marmarar da ake gani inda aka yanka hanya ko bakin kududdufin da ake buga tubali, launinta na tsatsar ƙarfe ne, rana ba ta yi masa komai. Ka daka, ka tankaɗe, ka zuba a kwalba da ruwa mai yawa ka girgiza. Ka ba shi kamar minti ɗaya yashi ya kwanta, ka tsiyaye gurɓataccen ruwan sama a wata kwalbar ka bar shi ya kwana. Da safe za ka ga laushin ya zauna a ƙasa. Ka zubar da ruwan, ka shanya wancan a faranti. Shi ne launinka. In ka riƙa ɗibar ƙasa daga wurare dabam-dabam, ta Shika, ta gindin Kufena, ta bakin Galma, za ka tara ja da rawaya da ruwan toka iri-iri waɗanda ba su cikin kowane shago. Farar ƙasa ta ba ka fari, baƙin tukunya ko gawayin da aka niƙa lilis ya ba ka baƙi, bular wanki ta ba ka shuɗi mai ƙarko, sai dai ita kada lemon tsami ya kusance ta. In kana son tawada baƙa wadda take shiga takarda, ka jiƙa bagaruwa, ka jefa ƙusoshi masu tsatsa, ka ba su kwanaki. Haɗuwar ƙarfe da abin da ke cikin bagaruwa mai jeme fata ita ke ba da baƙin, dukawa sun daɗe da sanin haka. Tana da ɗan ci, don haka ka yi amfani da ita a takarda mai kauri.

Abu ɗaya zai iya ɓata maka dare guda: fentin ƙaro yana narkewa in ruwa ya sake taɓa shi. In ka shafa gam a samansa da burushi zai dame ya bi burushin. Saboda haka launin da zai zauna a ƙasa ka kwaɓa shi da farin gam, na ƙaro ka ajiye wa hawa na ƙarshe. Kuma kada tsada ta sa ka koma manna da sitaci ko kunun fulawa. Yana kamawa sarai, amma abinci ne, kyankyaso zai bi dare ya kankare maka aikin, da damina kuma ga fumfuna.

Haɗe-haɗen nan ai gadonmu ne a garin nan. Ina yarinya a cikin birni na ga ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Lason da magina ke yaɓa wa soro don ruwa kuwa, katsi ne daga ramin marina, da gashin jima daga majema, da ruwan saiwar dafara mai yauƙi. Sharar sana'a biyu da saiwar daji, aka haɗa suka tare ruwan Agusta. Garin da ya fitar da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, bai kamata ɗansa ya ajiye zane don babu fentin kanti ba.

TAMBAYA: Anti, da na ɗauko kaya sai yarana su yanyame ni, kowa sai ya taɓa. In riƙa yi da su ne, ko in ɓoye?
Daga wata uwa, Hanwa.

AMSA: Duka biyun, 'yar'uwa. Ki yanka musu nasu kwalin, ki ba su gam kaɗan a murfin kwalba da tarin takardar yagawa, ki shimfiɗa musu buhu a tsakar gida. Wani lokacin ma ki bar su su yi miki hawan farko a naki allon. Hannun yaro yana da wata sakewa da babba ba ya iya kwaikwaya, in kin ɗora naki a kai sai ya riƙa leƙowa. Amma daga hawa na biyu allonki naki ne, ki faɗa musu haka, kuma kada ki ji kunyar faɗa. Uwa tana raba abincinta da barcinta da katifarta, ba dole sai ta raba wannan ma ba.

Abin da ba na sassautawa a kai shi ne kayan haɗari. Reza da allura da basilla a cikin gwangwani mai murfi, a ƙirga su kafin a rufe. Duwatsun ado da maɓalli kada su sauko ƙasa in akwai mai rarrafe ko ɗan ƙasa da shekara uku, baki da hanci suke nufa. Sholisho na masu gyaran takalmi da fentin fesawa kada su shiga ɗakin da ake kwana. Ragowar fentin mai na ƙofa da taga ma a bar shi, wasunsu suna ɗauke da dalma, yara kuma hannu a baki suke.

TAMBAYA: Malama, maigidana ya ce zane haramun ne. Ni kuma ba mutane nake son zanawa ba.
Daga wata baiwar Allah, Tudun Wada.

AMSA: Hukunci na malamai ne, ku je tare wurin wanda kuka amince da iliminsa. Abin da zan ce miki a matsayin mai sana'a shi ne, maganar da malamai suke yi a kan siffanta abu mai rai take, kuma filin da ya rage bayan an cire wannan ko rayuwa guda ba ta gama shi. Ki dubi zayyanar allon sauka, ki dubi aska takwas da tambari a ƙirjin babbar riga, wadda matan birnin nan suke ɗinkawa a cikin gidajensu tsakanin girki da girki, ki dubi dagi, da zankwayen soro, da bakan gizo na tsofaffin zauruka. Ki yi allo ɗaya da irin waɗannan ki nuna masa, ƙila abin da yake hangowa dabam ne da abin da kike nufi.

Inda ya kamata ki yi taka-tsantsan sosai, takardun da za ki yaga ne. Katin gayyatar biki, kalanda, jarida, littafin Islamiyyar yara, har littafin boko da yaro ya buɗe da Bismillah, da yawa suna ɗauke da aya ko sunan Allah. Ki duba gaba da baya kafin ki sa hannu. Ni takardar da ke da rubutun Larabci ko ajami ko kaɗan ba ta hawa tirena.

TAMBAYA: Anti, na fara, har na gama guda huɗu. Surukata ta ce tarkace nake tarawa a gidan ɗanta. Ƙawata kuma ta ce in yi mata na ɗakin ƙanwarta da za a aurar. Shin wannan zane ne na gaske? Kuma yaya zan sa kuɗi?
Daga wata matar aure, Kwarbai.

AMSA: Ƙanwata, Hajiya kada ki ja da ita, ki dai tabbatar tarkacen yana cikin buhu guda mai baki a ɗaure, ba a warwatse ba, rabin faɗan a nan yake.

Na gaske ne. A 1912 shahararrun masu zane Picasso da Braque suka fara manna takarda da jarida a cikin zanensu a Faransa, ayyukan suna gidajen tarihi yanzu, jaridar ta yi ja don tsufa (ki lura da wannan: takardar jarida ba ta riƙe farinta, kada ki dogara da ita inda kike son fari). A nan Samaru kuma, a 1958, ɗaliban sashen zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyarsu, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu yawanci daga Ingila suke, manhajar ma haka. Su kuma suka ce za su karɓi dabarar, amma kowa ya koma ya haɗa ta da abin da ya gada a gida. Daga baya aka riƙa ce musu 'yan tawayen Zariya, kuma duk littafin tarihin zanen zamani a ƙasar nan sai ya bi ta kansu. El Anatsui, ɗan Ghana da ya koyar a Nsukka tun 1975, da marufan kwalba yake aiki, ana fyaɗa su a ɗinke da wayar tagulla har su rufe bango guda, kuma a 2015 aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin baje kolin zane na Venice a Italiya. Abin da ya shafe ki a aikinsa shi ne, gunduwa-gunduwa ake haɗa shi, sannan a shimfiɗa a ƙasa a jera. Naki huɗun nan ki jera su a tabarma ki gani, ƙila aiki ɗaya ne babba kika yi ba ki sani ba. In kin samu dama lokacin da ɗaliban sashen zane suke baje ayyukansu na kammala karatu, ki je ki ba idonki abinci.

Na ɗakin amarya a katako za ki yi shi, kwali na koyo ne. Launi mai ƙarko kawai, ban da zoɓo. In kin gama ki ba shi mako guda ya sha iska kafin a rufe, da damina ma fiye da haka, domin danshin da aka kulle a bayan gilashi fumfuna yake haifarwa. Ki ce wa mai firam ya yi mai zurfi yadda gilashin ba zai taɓa ƙyalle da zare ba, ki manna murfin kwalba a kusurwoyin baya na ƙasa don iska ta riƙa ratsawa tsakaninsa da bango, kuma a guji bangon da ruwa ke duka ta waje.

Kuɗi kuwa, ki rubuta abin da kika kashe har gam da kuɗin Keke zuwa wurin kafinta. Ki tara mintocin nan na sha biyar-biyar su zama awanni, ki tambayi mai ɗinkin hula a unguwarku abin da take samu a aikin da ya ci mata lokaci kamar haka, kada naki ya gaza nata. Ƙawa ce ko ba ƙawa ba, rabin kuɗin a hannu kafin ki buɗe robar gam, kuɗin firam kuma nata ne dukansa.